Ludlow: kangon fada a kan dutse, kasuwa a bakin ƙofarsa

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ranar Asabar da ta wuce ni da Baban Hanifa da yara muka je Ludlow, wani ɗan gari a yankin Shropshire, dab da iyakar Ingila da Wales. Mutanen wurin "Ladlo" suke furta sunan. Tun da muka dawo abin yake raina, kuma na ga ana ta tambayar inda za a kai yara a hutun da ke tafe, shi ne na ce bari in kawo labarin nan.

Daga Birmingham muka hau jirgin ƙasa zuwa Shrewsbury, a can muka canza wani mai gangarawa wajen Hereford. Daga tasha sai hawa da ƙafa, minti goma zuwa sha biyar. Gidajen da ke kan hanya na katako ne baƙi da farin shafe, benayensu sun turo kai saman titi. Akwai wani otal mai suna Feathers da aka gina a 1619, gabansa duk sassaƙa, Hanifa ta kafe a wurin sai da aka ɗauke ta hoto.

Abin da ya kai mu shi ne tsohuwar fadar dutse da ke ƙarshen garin, a kan tudu, kogin Teme na zagaye ƙasanta. Ana sayen tikiti a ƙofa. Da ka shiga sai wani makeken fili mai ciyawa, ganuwa ta kewaye shi. Daga nan ka ƙetare gwalalon da aka fafe a cikin dutse, ka shiga fadar ciki. Babu rufi ko ɗaya a manyan ɗakunan. Kana tsaye a ƙasa za ka hango murhu maƙale a bango can sama, a hawa na biyu, daɓen da ke gabansa ya daɗe da zubewa. A tsakiyar gidan akwai wani ɗakin ibada kewayayye kamar rumbu, ƙofarsa da zane mai kyau. Mun hau babbar hasumiya ta wata matattakala mai murɗewa, ƙunci kamar rijiya. Daga sama kana ganin gari duka, da kogi, da duwatsu.

To daga can saman ne na leƙo na ga rumfunan kasuwa jere a bakin ƙofar fadar. Bayana shiru, sai tsuntsaye da iska. Gabana kuwa mutane ne cunkus, ana auna tuffa, ana yanka cuku, wata tsohuwa na sayar da zuma, wani na sayar da tsire-tsire a tukwane. Gidan da sarakuna suka zauna ya zama kango, amma kasuwar da aka kafa don ta yi masa hidima tana ci har yau, Litinin, Laraba, Juma'a da Asabar. Shawarata ga duk mai zuwa: ya zaɓi ranar kasuwa, kuma ya ba garin lokaci fiye da fadar. Mu mun yi awa biyu a fada, muka yi huɗu a gari, kuma ba mu ƙoshi ba.

Ummi:
Wa alaikumus salam Anti. Ma sha Allah, hotunan sun yi kyau. Ana iya shiga da keken jariri?

Maman Hanifa:
Filin waje babu matsala ƙanwata. Amma hasumiya sai dai ki goya, ko ku yi karɓa-karɓa ke da maigidan. Ki sa wa yara takalmi mai kama ƙasa, dutsen yana santsi idan an yi yayyafi.

Baban Walid:
Maman Hanifa sannu da hanya. Ni fa ina da magana, kuma ba don in rage miki daɗin tafiya ba. Na je irin waɗannan wurare har uku tun zuwana ƙasar nan, kuma kullum da tambaya ɗaya nake dawowa: me ya sa za a karɓi kuɗina a nuna mini kango? Ƙasar da take da kuɗin gina filin ƙwallo na miliyoyin fam ta kasa sa wa gidan tarihinta rufi? In har wurin yana da daraja, a gyara shi ya koma yadda yake, a sa gadaje da tukwane da kayan yaƙi, yaro ya gani da idonsa. Walid da muka je wata fadar cewa ya yi, "Baba ina gidan yake?"

Injiniya:
Baban Walid, bari in amsa maka ta fuskar sana'ata. Tambayar ita ce, a mayar da shi yadda yake a wace shekara? Ginin Ludlow ba a zama ɗaya aka yi shi ba. Babbar hasumiyar da Maman Hanifa ta hau, asalinta ƙofar shiga ce. Daga baya aka toshe ƙofar, aka fasa wata a gefe, aka mayar da ita hasumiyar tsaro. Idan ka tsaya ka dubi bangon da kyau za ka ga alamun inda aka toshe da inda aka ƙara. Babban zauren taro na wani zamani ne, ɗakunan kwana na wani, masaukin alƙalai kuma na ƙarni na 16. Duk wanda ya ce zai rufe ya shafe, dole ya zaɓi zamani ɗaya ya binne sauran.

Kuma barin kango a tsaye aiki ne babba. Ruwa ne abokin gabar gini mara rufi: ya shiga tsakanin duwatsu, sanyi ya daskarar da shi, ya kumbura, ya tsaga. Kullum ana cire ciyawa da saiwoyi, ana cike tsagu da kwaɓin farar ƙasa irin na da. Ba a sa siminti, domin siminti ya fi dutsen tauri kuma yana riƙe danshi a ciki, sai dutsen ya riƙa ɓarewa. Kuɗin tikitinka can yake tafiya. Ko a garin ma, a 2013 wani sashe na ganuwar gari ya zube a bayan babban coci, aka yi shekaru ana ja-in-ja kan wanda zai biya kuɗin gyara.

Baban Walid:
Na ji batun siminti, kuma na ƙaru. Amma yaro ɗan shekara bakwai ba ya karanta bango, Injiniya.

Malam Habu:
Yaro ba ya karanta bango, amma yana jin labari, Baban Walid. Wannan fadar kuwa labari ne da ita har ba a san na ɗauka ba. Ku ba ni dama in ɗan yi tsawo.

A 1066 William na Normandi ya ƙetaro daga Faransa ya ci Ingila da yaƙi. Iyakar Wales ba ta kwanta masa ba, sai ya raba ƙasar bakin iyaka ga manyan mayaƙansa, ya sakar musu mara fiye da sauran hakimai: su gina kagara, su yi shari'a, su kai hari. Cikinsu akwai gidan de Lacy, su suka kafa Ludlow kafin ƙarni na 11 ya ƙare, kuma tana cikin fadojin farko da aka gina da dutse a Ingila, lokacin da yawanci tudun ƙasa ne da shingen katako.

A 1139 Sarki Stephen ya yi wa fadar ƙawanya. Marubutan zamanin sun ruwaito cewa na cikin fada sun jefo ƙugiya daga saman ganuwa ta kama Yarima Henry ɗan sarkin Scotland, suka fara fizgarsa daga kan doki, sai Stephen da kansa ya yi kukan kura ya ƙwato shi. Ka tsaya da Walid a gindin ganuwar ka ba shi wannan labari, ka ga ko zai sake tambayar ina gidan yake.

Daga baya fadar ta shiga hannun Roger Mortimer ta hanyar aure, a 1301. Shi ne ya haɗa kai da Sarauniya Isabella suka tuɓe mijinta Edward na II, ya riƙe ƙasar kamar shi ne sarki, har yaron da suka ɗora, Edward na III, ya girma ya kama shi aka rataye shi a 1330. Gadon gidan Mortimer ya gangaro ga Richard na York, daga nan Ludlow ta faɗa tsakiyar yaƙin basasar gidan York da gidan Lancaster. Ɗan Richard ɗin, Edward na IV, wanda ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a nan, ya hau gadon sarauta a 1461. Shi ma ya turo ɗansa Ludlow don ya tashi a can. Yaron yana da shekara 12 labarin mutuwar ubansa ya same shi a wannan gida, a watan Afrilun 1483. Aka kama hanyar Landan da shi don a naɗa shi, baffansa, wani Richard ƙanen Edward na IV, ya tare su a hanya, aka ajiye shi da ƙanensa a Hasumiyar Landan, baffan ya hau mulki. Tun daga ƙarshen wannan shekara ba a sake ganin yaran biyu ba.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Yarima Arthur, babban ɗan Henry na VII. An ɗaura masa aure da Catherine 'yar sarakunan Sifaniya a watan Nuwamban 1501, aka kawo su Ludlow da sanyin hunturu. Ranar 2 ga Afrilu 1502 ya rasu a fadar yana da shekara 15. Ƙanensa Henry na VIII ya gaji sarautar ya kuma auri matar. Shekaru bayan haka da ya so rabuwa da ita, hujjarsa ita ce ai matar wansa ce, Paparoma bai ba shi abin da yake so ba, shi kuma ya raba cocin Ingila da Roma. Rashin lafiyar yaro ɗaya a ɗayan waɗancan ɗakuna marasa rufi ya juya addinin ƙasa gaba ɗaya.

Ummi:
Allahu Akbar. Malam wallahi jikina ya yi sanyi da labarin yaron nan ɗan shekara 12. Uwarsa fa?

Malam Habu:
Ta gudu ta fake a Westminster da sauran 'ya'yanta. Daga can aka matsa mata ta miƙa ƙaramin. 'Yarta Elizabeth ce daga baya ta auri Henry na VII, ita ce ta haifi Arthur ɗin da na faɗa. Kin ga ke nan ɗan'uwanta ya bar Ludlow bai dawo ba, ɗanta kuma ya je Ludlow bai dawo ba.

Maman Hanifa:
Malam Allah ya ƙara ilimi. Amma ka lura duk wanda ka lissafa sarki ne ko ɗan sarki, kuma kusan kowa a cikinsu ƙarshensa kisa ne ko hawaye. Wa ya ciyar da su? Wa ya biya magina? Shi ya sa na ce a ba gari lokaci. Wani dattijo mai rumfar tsofaffin littattafai ya nuna mini abin da da ban lura da shi ba. Ya ce asalin kasuwar fili ne guda mai faɗi, tun daga ƙofar fada har can gabas. Masu rumfa suka riƙa kafa na wucin gadi, a hankali rumfa ta zama shago, shago ya samu bene, sai ga layukan gidaje a tsakiyar filin. Lungunan da muka riƙa kutsawa, waɗanda mutum biyu da ƙyar suke giftawa, ashe hanyoyin tsakanin rumfuna ne na shekaru ɗaruruwa.

Hajiya Babba:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce take rubuta mini, ni ina faɗa. Na zo wajen 'yata jinya, wata na biyu ke nan. Maman Hanifa, wannan magana taki ta rumfa ta zama shago ta sa ni murmushi. Mahaifina a Kurmi ya yi kasuwanci, ni ma a bakin kasuwa na girma. Haka abin yake ko'ina. Yau mutum ya shimfiɗa tabarma, gobe ya kafa sanda huɗu, jibi ya ja bango, jikansa kuma ya ce ai nan gadonsu ne. Kasuwa a kai miki dole. Sarki yana da dogarai, amma ko shi sai ya aika a sayo masa gishiri. Me suke sayarwa a da can da har garin ya yi arziki?

Malam Habu:
Barka da zuwa Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Ulu ne, gashin tumaki. Tumakin wannan yanki gashinsu yana cikin mafi tsada a Turai a lokacin. Fatake suna saye su kai wa masaƙan Flanders, inda Beljiyam take a yau, daga baya kuma garin ya koma saƙa da kansa, ana amfani da ƙarfin ruwan kogi wajen bugun yadi.

Kuma da gangan aka tsara garin. Masu fada ne suka ja tituna a miƙe, suka yanka filaye dogaye masu ƙaramar fuska, don kowa ya samu bakin titi ya buɗe shago, gida da wurin sana'a suna baya. A irin waɗannan garuruwa yawanci sule ɗaya ake biya a shekara kuɗin fili. Sai kuɗin rumfa, da na shigo da kaya, da na niƙa, da tarar kotu, duk suna hawa tudu zuwa fada. A 1233 aka ba da izinin yi wa garin ganuwa, da harajin kayan da ke shigowa aka gina ta. Ƙofofi bakwai gare ta, yau saura ɗaya, Broad Gate, har yanzu mota na bi ta ƙarƙashinta.

Hajiya ga wanda zai yi miki daɗi. Akwai wani attajirin ulu, Laurence na Ludlow, da ya yi kuɗi har yana ba Sarki Edward na I rance. Ya sayi ƙasa a Stokesay, 'yan mil kaɗan arewa da garin, ya gina gidansa mai hasumiya, a 1291 aka ba shi izinin yi masa katangar tsaro irin ta sarakuna. A 1294 jirgin ruwan da yake ciki da kayan ulu ya nutse, ya rasu. Gidansa na nan har yau da rufinsa, kana shiga babban zauren ka ga katakon da aka ɗora tun yana raye. Baban Walid, in rufi kake so, can za ka kai Walid.

Hajiya Babba:
Ikon Allah. Gidan ɗan kasuwa da rufi, gidan sarki babu. Allah ya sa mu gama da duniya lafiya.

Baban Walid:
To wannan na yarda zan je. Amma Maman Hanifa, ina ganin kin ɗan yi wa fadar rashin adalci. Ba don ita ba, wa zai kawo ulunsa wannan tudu? Ɗan kasuwa ba ya sauke kaya inda babu tsaro. Inuwar ganuwa ce ta haifi kasuwar.

Maman Hanifa:
Ban musa ba Baban Walid, ita ta haife ta. Amma inuwar nan ba kullum take kare su ba. A gadar Ludford, ƙasan garin, an rubuta labarin abin da ya faru a 1459. Malam zai fi ni sani.

Malam Habu:
Haka ne. A watan Oktoban 1459 rundunar Sarki Henry na VI ta zo ta yi sansani a tsallaken kogi. Cikin dare wani kwamandan York ya sauya sheƙa da mutanensa, sai manyan York suka sulale suka gudu kafin gari ya waye, suka bar rundunarsu da garin. Washegari sojojin sarki suka shiga suka wawashe gidaje da shaguna. Rigimar gadon sarauta ce wadda mai saƙa da mai burodi ba su da hannu a ciki, amma su suka biya. Don haka ku duka biyu kuna da gaskiya: fada ta jawo ciniki, ta kuma jawo yaƙi.

Amma ga inda nake ɗan bambanta da ke, Maman Hanifa. Lokacin da garin ya fi cika da kuɗi shi ne zamanin da Majalisar Wales da Bakin Iyaka take zama a fadar. Kusan shekara 200 daga Ludlow ake gudanar da mulki da shari'ar Wales. Alƙalai, lauyoyi, magatakarda, masu ƙara da shaidunsu, kowa sai ya kwana, ya ci, ya ɗinka riga, ya sa wa doki takalmi. Otal ɗin da Hanifa ta ɗauki hoto a gabansa, wani lauya mai aiki a wannan majalisa ne ya gina shi a matsayin gidansa. A 1689 aka rushe majalisar, ma'aikata suka watse, aka bar fadar ba mai kula. Sai aka riƙa kwashe darmar rufi, da katako, da gilashi, da dutse. Babu igwar da ta rushe Ludlow. A yaƙin basasa ma na 1646 miƙa wuya aka yi. Watsi da ita aka yi, hannun mutane da ruwan sama suka ƙarasa.

Maman Hanifa:
To ai ka ƙarfafa maganata Malam. Fada ta mutu a 1689, kasuwa ba ta bi ta ba. Manoman kewaye suna da tumaki da tuffa da man shanu, dole su samu inda za su kai. Na ga ginin da suke kira Buttercross, na ƙarni na 18, a ƙarƙashinsa ake sayar da man shanu, an gina shi bayan fadar ta zama kango. Garin ya koma ɗinkin safar hannu, yanzu kuma da abinci aka san shi, tun 1995 suke bikin abinci duk watan Satumba, kuma a cikin filin fadar ake kafa rumfunan. Kasuwar da aka ajiye a bakin ƙofa yau ita ce take shiga har tsakar gida.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Ina biye da ku tun ɗazu daga Manchester. Ni abin da ya tsaya mini daban ne. Ina jin ana cewa fada, fada, amma a farkonta kagarar mamaya ce. Baƙi ne masu jin Faransanci suka ci ƙasa suka kafa dutse a kan mutane don su tsorata su. Mu da muka san abin da barikin Faransawa yake nufi a garuruwanmu, bai kamata mu tsaya muna sha'awar ganuwa kawai ba. Kuma na karanta cewa wanda ya sayi kangon a 1811, Edward Clive, ɗan Robert Clive ne, wanda ya kafa wa kamfanin Ingila mulki a Bengal bayan yaƙin 1757. Zuriyarsu ce ke riƙe da wurin har yau. Ban ce kada a je ba. Na ce in an je a gaya wa yara wannan ma.

Malam Habu:
Gaskiya ka faɗa, kuma ba ka yi kuskure a tarihin ba. Mutumin Wales da ya tsaya a gaban wannan ganuwa ba abu ɗaya yake gani da mutumin Landan ba. Kakanninsa nan ake kiran su shari'a, da harshen da ba nasu ba.

Injiniya:
Na yarda a faɗa wa yara duka. Ni dai abin da ke ci mini rai idan na je irin wuraren nan shi ne badalar Kano. Littafin tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ta, wato kusan sa'ar Ludlow ce. Muhammadu Rumfa da ya kafa Kurmi ya gina gidan sarki ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, zamani ɗaya da su Edward na IV da Malam ya ambata. Tamu ta ƙasa ce, kowace damina sai ta ci rabonta, da aikin gayya ake yi mata yaɓe. Da gayyar ta tsaya sai aka koma ɗibar ƙasarta ana yin tubali, ana yanka filaye a jikinta. Abin da ya sami Ludlow bayan 1689 ke nan, sai dai dutse ya fi ƙasa haƙuri, ya jira har aka zo aka cece shi.

Hajiya Babba:
Ɗana Injiniya kada ka sa ni kuka. Muna yara a kan badala muke hawa mu hangi masu shigowa da jakuna. Amma ka tuna gidan Rumfa da sarki a ciki har gobe, Kurmi kuma tana ci. Mu namu gidan bai mutu ba, katangar ce muka wulaƙanta.

Ummi:
Anti, batun abinci da salla fa? Shi ne kullum damuwata in za mu fita ƙananan garuruwa.

Maman Hanifa:
Da guzurinmu muka tafi, dambun nama da shinkafa a kula. A kasuwa mun sayi burodi, cuku, zuma da tuffa. Ki kiyayi kayan nama da aka naɗe a fulawa, yawancinsu alade ne. Sannan yankin na masu tuffa ne, za ki ga kwalabe jere, wasu ruwan tuffa ne zalla, wasu kuma giyarta ce da suke kira cider, kuma kwalaben suna kama. Ki tambaya kafin ki ɗauka, masu rumfar ba sa jin haushi, wata ma ita ta fara gaya mini da ta ga hijabina. Salla kuwa mun gangara ƙasan fada wajen gadar Dinham, akwai fili mai ciyawa a bakin kogi, can muka shimfiɗa darduma. In kin ƙetare gadar kin hau tudun Whitcliffe, daga nan ne ake ganin fadar da hasumiyar coci da rufin gari a tare. Duk hotunan da kika ce sun yi kyau a can aka ɗauka.

Hajiya, akwai abin da na gani na tuna da ke yanzu. Mun leƙa babban cocin garin, St Laurence, wanda kuɗin ulu ya gina. A ƙarƙashin kujerun katako na gaba akwai sassaƙa na ƙarni na 15. Ɗaya hoton wata mai sayar da giya ce da take tauye ma'auni, shaiɗan ya saɓa ta a kafaɗa zai kai ta wuta, tana riƙe da mudun nata na ha'inci.

Hajiya Babba:
Wailun lil muɗaffifina. Ashe su ma sun san wannan. Mahaifina yakan ce a kasuwa ba a tsoron ɓarawon dare kamar mai bugaggen mudu. Ku tafi da ni in za ku koma, ina so in ga rumfunan nan da idona, ko da ba zan iya hawa sama ba.

Baban Walid:
Hajiya motata na da wuri, ni zan ɗauke ki. In dai za a biya ta Stokesay.

Shugaban Zaure:
To alhamdu lillahi, magana ta zama tafiya. Asabar ta biyu a hutun yara, tunda ranar kasuwa ce. Masu mota su haɗu a Stokesay da safe, masu jirgi su same mu a bakin ƙofar fada da ƙarfe 12. Injiniya zai duba lokutan buɗewa da kuɗin shiga na iyali ya sanar da mu kafin Laraba. Malam Habu, kai za ka riƙe yara a gindin ganuwa, Ɗan Damagaram zai ƙara nasa. Mai zuwa ya rubuta sunansa da yawan mutanensa a ƙasa.

Ummi:
Ummi, mu huɗu, har da jaririya.

Ɗan Damagaram:
Ni da yarana biyu. Ta jirgi za mu zo, daga Manchester akwai mai wucewa ta Ludlow kai tsaye.

Hajiya Babba:
A rubuta ni da jikata. Maman Hanifa, ki nuna mini rumfar tsohuwar nan mai zuma.